Damanar da Na Shayar da Ɗiyar Biba

Yau kwana huɗu rabonmu da ganin rana. Malka ta sauka sosai, itacen girki ya jiƙe, kayan da na wanke tun shekaranjiya suna rataye a igiya suna warin danshi. Da safe ina durƙushe ina hura wuta, hayaƙi ya cika mani ido, sai ƙanshin dafaffiyar tafasa ya shigo daga gidan maƙwabta. Nan take zuciyata ta koma wata damana, shekara goma sha biyar ko kusa da haka, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Shekarar ta zo mana da wuya. Gulbi ya cinye shinkafar fadama a damanar da ta gabata, rumbunmu ya ƙare tun kafin a ga wata. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba, sai dai a tsaya a bakin gona a kalle shi. Maza suna fita noma da azumi a bakinsu, su dawo da azahar leɓɓa a bushe, ƙafafu duk laka. Mu mata mukan bi bayan gari mu tsinko tafasa da rama, a dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. In an samu garin rogon da 'yan mashin ke shigowa da shi daga ƙasar Benin, ranar yara sun kwana da murna. Kunun buɗa-baki kuwa, don tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya.

Ni a lokacin cikina na uku ya tsufa. Uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ta hana ni azumi. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta iya magana a hankali ba ko da gaisuwa take yi. Duk da haka, in ta raba abinci sai na ga ta ɗebo daga nata ta ƙara mani, tana harara ta don kada in yi magana.

Ran shida ga azumi naƙuda ta tashi. Na wuni ina fama, ɗa ya ƙi saukowa, ungozoma ta ce a gicciye yake. Ƙauyenmu yana bayan Bahindi, hanya kuwa ta zama taɓo, don haka a amalanken shanu aka fito da ni zuwa bakin titi, an lulluɓe ni da leda saboda yayyafi. A asibitin Bagudo aka yi mani aiki aka ciro shi. Da na farfaɗo na ga yayata Hansatu a gefen gado, ta ce, "Namiji ne, Saudatu. Ga shi can hannun Inna, ta hana kowa taɓawa."

Ranar farko lafiya lau. Ya kama nono, ya yi barci, muka yi ta kallon kunnuwansa muna cewa na ubansa ne. A rana ta biyu ya fara amai. Da fari fari ne, daga baya ya koma kore shar kamar ruwan ganye. Cikinsa ya kumbura har yana ƙyalli. Wannan baƙin kashin da jarirai ke yi da farko kuwa, shiru, bai yi ba. Inna ta yi ta buɗe tsummansa tana dubawa tana rufewa.

Malamar asibitin da ke kula da ɗakinmu, Malama Rakiya, ita ta kira likita. Ya danna cikin yaron a hankali, ya saurara, ya sa aka zura masa siririyar roba ta hanci. Sannan ya kira maigidana ya tsaya kusa da gadona don mu ji tare.

"Hanjinsa a toshe yake," in ji shi. "Aiki za a yi masa, kuma ba mu da kayan yi wa jariri irin wannan aiki a nan. Sakkwato za a kai shi, yau ɗin nan."

Na yunƙura zan tashi. Na ce, "Yaya, miƙo mani zanena."

Likita ya ce, "Ke ba inda za ki. Jininki ya yi ƙasa, ga zazzaɓi, ga ɗinki ɗanye. Kafin ku kai Koko ramukan hanya sun buɗe ki."

Na roƙe shi. Na ce zan kwanta a bayan motar, ba zan motsa ba. Ya girgiza kai kawai. Maigidana ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Sai Inna ta miƙe, ita da ko Jega ba ta taɓa zuwa ba, ta ɗaure ɗankwalinta tam.

"Ni ka tahiya da shi," ta ce. "Ke kwanta ki warke. Mi kika gani da za ki yi kuka? Na goyi ubanai, in kasa goyon wanga ɗan tsurut?"

Ta ɗora mani shi a ƙirji kafin su fita. Na shinshina kansa. Na cire zanen da na rufa da shi na ce a naɗe shi a ciki. Ana ruwa a lokacin, kwanon rufi yana ta ƙara, ban ma iya tashi na leƙa taga ba. Na dai ji tashin motar asibiti, na bi ƙararta da kunne har ruwan ya rufe ta.

Washegari nono ya kawo. Ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa duwatsu, ko zane ya goga sai na cije leɓe. Yaya Hansatu takan ɗumama ruwa ta gasa mani da tsumma, in tatse a kofi, ta kai gindin dogon-yaron da ke bayan ɗaki ta zuba, don ta ce ba a zubar da nonon ɗa inda ƙafa ke takawa. Kowace mace a ɗakin tana da jariri a gefenta. Ni sai filo.

Yanzu in an kai yaro asibitin nesa, a waya ake nuna wa uwa fuskarsa tana kwance. A lokacin ƙaramar waya ɗaya muke da ita, ta mijin Yaya, ita ma ba ta kamawa sai an fita bakin ƙofar asibiti an ɗaga hannu sama. Maigidana ya bi Inna Sakkwato, ta wayar wani mai jinya a can ake samunsa. Yaya ke fita ta jiyo ta kawo mani. Ta haka na ji an yi masa aikin, an yanke wurin da ya toshe, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, an haɗa sauran. Yana cikin kwalbar da ake kwantar da jarirai, ana masa ƙarin ruwa, ba a ba shi komai ta baki. Likitoci sun ce sai hanjin ya farka ya fara aiki, kuma ba wanda ya san ranar.

Kwana biyu da tafiyarsu aka kawo Biba. Daga tsallaken iyaka suke, ta wajen Lolo, mutanen bakin ruwa masu jin Dandanci. A kwale-kwale aka fara ɗauko ta, sannan mashin, ƙafafunta a kumbure suntum. Ta haihu da hantsi, ɗiya mace, aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da nawa. Ko gaisawa ba mu gama ba jijjiga ta kama ta. Idanunta suka juye, ta ciji harshe, gadon ƙarfe yana ta kaɗawa. Aka yi mata allura ta lafa, ta sake tashi. Kafin azahar motar nan da ta kai ɗana ta ɗauke ta zuwa Birnin Kebbi, ba ta san inda take ba. Mijinta ya bi ta. Jaririyar aka bar wa uwar Biba, wata doguwar tsohuwa mai zane baƙi, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba.

Yarinyar nan ta yi kuka. Tun azahar take yi har la'asar ta wuce. Tsohuwa ta jijjiga ta, ta zagaya da ita, ta ɗiga mata ruwa da cokali, a banza. Ni kuwa duk tsalawar da za ta yi sai in ji ƙirjina ya tsira, nono ya jiƙa mani riga. Na juya fuskata bango. Ba zan ɓoye ba, haushinta nake ji. Ga ta ƙatuwa, ja-jawur, cikinta lafiya, muryarta kamar ta ɗan wata uku, nawa kuwa yana can an tsaga shi. A raina nonon nan na ɗana ne, ajiya nake yi masa.

Malama Rakiya ta zo ta zauna a bakin gadona. Ba ta da yawan magana.

"Saudatu, kofi nawa kuka zubar yau?"

Na ci gaba da kallon bango.

"Tatsa da hannu ba ta kai bakin jariri ba. In ba a sha, ja da baya zai yi ta yi har ya ƙafe. Ran da aka ce ɗanki ya fara sha, mi za ki ba shi? Ga kuma wannan baiwar Allah, uwarta ba ta san ma ta haife ta ba."

Yaya ta ce abin ba na wasa ba ne, shayarwa zumunta ce, sai da izinin maigida. Ta ɗauki waya ta fita cikin yayyafi. Ta dawo tana dariya tana share fuska. Ta ce maigidana ya ce a ba ta, Allah shi ba namu lafiya. Amma Inna ta fizge wayar ta ce, "Ki ce mata ta ba ta ta ƙoshi. Kuma ku tambayi sunan ubanta da garinsu ku riƙe, kada su girma su haɗu kasuwa su zo muna da zancen aure."

Na miƙa hannu. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Malama, sannan ta sa mani yarinyar a cinya. Ko neman nonon ba ta tsaya yi ba, ta cafke. Zafi ya ratsa ni tun daga ƙirji har cikin ɗinkin, mahaifata ta murɗa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarta. Na yi kukan da ban samu yi ba ran da aka tafi da ɗana, hawaye suna ɗiga a kan gashinta. Tsohuwa ta durƙusa a ƙasa ta riƙe ƙafata tana cewa, "Fofo, fofo." Daga baya na gane godiya ce a harshensu.

Daga ranar muka zama gida ɗaya. Da safe tsohuwa ta yi wa yarinya wanka ta kawo mani, ta kwashe tsummokaran da zannuwana ta wanke, ta shanya a baranda inda ba sa bushewa. Rufin ɗakin yana yoyo ta kusurwa, ita ke kwashe bokitin in ya cika. A ƙullin kayanta akwai busasshen kifi, kullum sai ta gutsuro ta yi mani romo da barkono a murhun bayan asibiti, ita tana azumi, ko ɗanɗana gishiri ba ta yi. Yaya kuma ta dama mani kunun kanwa da ɗan geron da matan ƙauyenmu suka tattaro hannu-hannu suka aiko. Masu kawowa suka ce samari sun yi gayya sun nome gonar maigidana, ba wanda ya roƙe su. In rana ta faɗi, masu jinya su shimfiɗa tabarmi a baranda, kowa ta turo abin da take da shi tsakiya, rama, ɗanwake, jiƙaƙƙen gari, a sha ruwa tare. Ni da tsohuwa hira muke yi da hannu da ido, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Ranar suna ta zo babu jariri babu taro. A masallacin asibitin can aka raɗa masa suna bayan sallar asuba, sunan mahaifin maigidana, wanda bakina ba ya faɗa, shi ya sa muke ce masa Abba. Yaya ta sayo goro kaɗan ta raba wa matan ɗaki. Aka yi ta yi mani barka ina amsawa, ɗiyar wata a hannuna.

Kashegari da Yaya ta dawo daga bakin ƙofa ba ta dube ni ba. Sai da na matsa ta ce zazzaɓi ya kama shi, cikin ya sake tashi, maigidana ya ce a yi addu'a. Da yamma aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, waya ta ɗauke gaba ɗaya. Kwana biyu cur ba labari. Yaya ta fita ta dawo, ta fita ta dawo, har ta daina shigowa ɗakin, sai ta zauna a baranda. Na kasa cin komai. Tsohuwa ta kawo romo na kau da kai, ta ajiye kwanon, ta nuna ƙirjina, ta nuna yarinyar, sannan ta nuna gabas, wajen da aka tafi da ɗana. Ta ɗauki cokali ta riƙa ba ni a baki kamar ƙaramar yarinya. Na sha.

A rana ta uku da hantsi, ina shayarwa, na ji gudun Yaya a baranda. Ta faɗo ɗakin da waya a hannu, ta manta cewa ba ta kamawa a ciki, amma ranar sai ta kama. Muryar Inna ta cika ɗakin, don ita ko a waya ihu take yi.

"Saudatu! Ya yi kashi! Kin jiya? Ya yi kashi, har sau biyu! Na gani da idona, na hana su yar da tsumman sai da ubanai ya gani!"

Wata mai jego a ƙarshen ɗaki ta rangaɗa guɗa, sauran suka kwashe da dariya. Ni ma dariyar nake yi ina riƙe da ɗinki, ina cewa Alhamdu lillahi. Tsohuwa ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga fuskata, ta ɗaga hannuwa sama. Maigidana ya karɓi wayar ya ce zazzaɓin ya sauka, likitoci sun ce za a fara ba shi nono kaɗan-kaɗan, in uwar za ta iya tasowa ta taso.

Likitanmu ya duba ni, ya cire zare, ya ce in je amma a gidan gaba na mota, da filo a kan cikina. Sai kuma na dubi yarinyar da ke barci a gefena. Kwana takwas tana shan nonona, ta san warina, in na yi magana tana juyo da kai. In na tafi wa zai ba ta? A ranar ƙanin mijin Biba ya zo daga Birnin Kebbi, yana jin Hausa. Ya ce Biba ta farfaɗo, amma ba ta ci ba ta sha, ta ce ɗiyarta ta mutu ne ake ɓoye mata. Na san wannan tunanin, na kwana da shi na tashi da shi. Na ce wa Yaya, ai ta Birnin Kebbi ma ana zuwa Sakkwato.

Muka kama hanya da sassafe a motar haya, ni da yarinya a gaba, Yaya da tsohuwa a baya. Da muka hau gada na ga gulbi ya cika ya yi ja, ya shanye gonakin bakinsa, kawunan shinkafa kaɗai ke leƙowa. Kowane rami direba ya faɗa sai na ji kamar an soka mani wuƙa, shi kuma ya yi ta cewa, "Sannu, Hajiya, sannu."

Biba tana zaune a kan gado ta jingina da bango, ta rame, harshenta bai gama warkewa ba. Da ta ga uwarta sai ta zuba wa abin da ke hannuna ido. Na ɗora mata yarinyar. Ta warware zanen, ta duba yatsun hannu, ta duba na ƙafa, ta juya ta ta duba baya, sannan ta kifa fuskarta a cikinta. Tsohuwa ta yi ta yi mata bayani da Dandanci tana nuna ni. Biba ta sa ta a nono, ruwan bai kawo sosai ba, yarinyar ta saki ta fasa kuka tana juyo da kai wajena. Na ji kunya ƙwarai. Malamar ɗakin ta ce ba komai, in tana tsotsa zai kawo. Biba da kanta ta miƙo mani ita, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ba ta, ta ƙoshi. Ɗiyarki ce." Na ba ta na ƙarshe a bakin gadon uwarta. Har yau in ruwa ya janye sukan tsallako su gaishe ni, yarinyar ta zama budurwa, da Inna take kirana.

Mun isa Sakkwato bayan la'asar. A barandar ɗakin jarirai na hango Inna a kan tabarma, da zanen da ta bar Bagudo da shi. Ta ƙara ƙanƙancewa, idanunta sun faɗa. Maigidana ya ce tun da suka zo ba ta sha azumi ko ɗaya ba, ba ta kuma yarda ta yi nisa da ƙofar nan ba, har malaman asibiti sun gaji da korar ta sun ƙyale ta.

Aka sa na cire takalmi na wanke hannu. Jarirai ne jere cikin kwalabe, na bi su da ido ban gane nawa ba. Inna ce ta ja ni ta tsayar a gaban na ƙarshe. Ya tsotse, fatarsa ta yi yaushi kamar ta tsoho, an aske gefen kansa inda aka sa allurar ruwa, ga filasta ta ratsa cikinsa daga gefe zuwa gefe. Tabon yana nan har yanzu, in ya tuɓe riga zai shiga gulbi abokansa na tsokanarsa wai an ɗinke shi kamar buhu. A ƙarƙashin kansa na ga zanena, an ninke shi an yi masa matashi.

Kwana biyu ina tatsa ana ɗiga masa da sirinji, ana jira a ga ko zai dawo da shi. Bai dawo da shi ba. Malamar wurin ta yi mamakin yawan nonon, ta ce yawancin uwayen da aka raba da 'ya'yansu haka sukan iso ya kusa ƙafewa. A rana ta uku da hantsi aka ciro shi daga kwalba aka sa mani a hannu. Ba nauyi ko kaɗan, hannuna ya saba da ɗiyar Biba. Na kai masa nono, ya lasa, ya yi barci. Malama ta sosa masa tafin ƙafa, ya buɗe ido, ya sake lasa, ya saki. Inna tana tsaye a kaina, numfashinta a wuyana.

"Kai, kama mana," ta ce, a karo na farko da na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Don wanga muka zo."

Ya buɗe baki ya kama. Jansa ba ƙarfi, kamar ana taɓa ni da ɗan yatsa. Na zuba wa maƙogwaronsa ido har na ga ya motsa, ya sake motsawa. Ya yi ta sha yana hutawa, hannunsa a kan filastar cikinsa.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara ɗankwalinta ta ce, "To, ga ɗanki nan, na ba ki." Ta fita baranda ta miƙe a kan tabarma. Aka kira azahar, aka kira la'asar, masu shara suka zagaye ta da tsintsiya, ba ta motsa ba. Maigidana ya zo zai tashe ta salla, na ce ya ƙara mata kaɗan. Na cire mayafina na rufa mata ƙafafu.